Makara a Kwanar Hamidu

"La'ilaha illallahu... La'ilaha illallahu..."

Mutum huɗu ne ɗauke da makara, kawuna a sunkuye, suna tsallaka kwalta a hankali. Rana ta take tsaka, zafin bazara har rawa yake bisa titi. Wata farar bas ta taho daga Talata Mafara, cike maƙil da 'yan kasuwa. Direba ya hango su ya taka birki. To wa zai ratsa gaban gawa? Har mota ya kashe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji fasinjoji. "Allah ya jiƙan musulmi."

Wani dattijo mai farin gemu ya sauko, ya tattare hannun riga, ya nufo su da sauri kada lada ta wuce shi. Wajen Malami ya zo, wanda ke riƙe da gaba ta hagu, daidai kan mamacin.

"Kawo in kama maka, ɗana. Wa ya rasu?"

Malami bai ɗago ba. Ya laluba wutsiyar igiya ya fizga — zarge ya warware, tabarma ta buɗe, gawa ta tashi zaune da bindiga a hannu!

"Kowa ya kwanta! Wanda ya motsa sai uwarsa ta haifi wani!"

Ihu ya kaure. Suka dire makara. Gawar nan, wato Oga Ishaku, ya shiga zaro bindigogi daga cikin likkafani yana cilla wa yaransa — ga ta Sadi, ga ta Khalifa, ga ta Gajere, ga ta Malami.

"Sadi, tsare direba! Khalifa, aljihu-aljihu! Mata ku kwance bakin zane, ba na son dogon turanci!"

Kowa ya kife a ƙasa ban da dattijon nan. Yana tsaye ƙiƙam, hannunsa a miƙe yadda ya miƙo shi don karɓar makara.

"Yaro," ya ce wa Ishaku, "da likkafani? Ba ka tsoron ranar da za a naɗe ka da gaske?"

"Kai dai ka riga ni, tsoho."

Tau!

Dattijo ya durƙushe, ya kife bisa ƙafar Malami. Jini mai ɗumi ya cika masa silifa.

"Ɗan Tasha! Kallon me kake? Mu ware!" Ishaku ya daka wa Malami tsawa.

Suka bar makarar gwangwala nan yashe, suka faɗa cikin geza inda suka ɓoye babura. Kafin mata su gama salati, ƙarar injuna ta nutse cikin daji. Malami na bayan Sadi, yana kallon ƙeyar Ishaku a gaba. Abu ɗaya zuciyarsa ke faɗi: saura kai.

Wannan hanya direbobi na kiranta Gajeruwa. Ba ta da tsawo ko kaɗan. Mai babur in ya ci tsire a farkonta, bai gama sakace ba zai ga ƙarshenta. Bayan Mafara take rabuwa da babban titin Gusau zuwa Sakkwato, ta bi gefen gonakin shinkafa ta wajen ƙasar Bakura, ta ratsa wani ƙauye, Tungar Aduwa, sannan ta karkata ta faɗa titin Maradun. Da can turbar fatake ce, jakuna ke binta da gishiri da kanwa. Zamanin Turawa aka tara talakawa da sanda suka zuba mata marmara. Da aka zo aikin dam, manyan tifofi suka farfasa ta, gwamnatin jiha ta ce za ta shimfiɗa kwalta.

Masu awo suka ja layi ɗoɗar, layin nan ya bi ta tsakiyar makabartar Tungar Aduwa. Dattawa suka roƙa, aka ce takarda ta riga ta fito. Ranar da katafila ta iso bakin kushewu, sai wani lebura cikin masu aikin, ɗan garin, ya ajiye shebur ya je ya miƙe a gabanta.

"Ubana na nan kwance, kakana na nan," ya ce. "In za ku bi ta kansu, ku hwara da ni."

Ba a fara da shi ba. Hanya ta lanƙwasa ta kewaye makabarta, ta haye rafi bisa wani dogon kwalbati. Har gobe sunan wurin Kwanar Hamidu. Hamidu kuwa shi ne mahaifin Malami.

Kamfani ya kore shi, bai damu ba. Da kwalta ta tsufa ta fara ramuka, ya ɗauki shebur ya zama mai cike su. Kullum yana nan bakin hanya da tulin marmara, direbobi na wucewa suna cilla masa abin goro, suna "Baba na kwana, sannu da aiki!" Hanyar nan kamar gonarsa ya ɗauke ta.

Ran nan ya hango mutane da bindigogi laɓe a ƙarƙashin kwalbati. Mai hankali sai ya sulale gida. Shi kuwa ya fito tsakiyar titi yana kaɗa shebur sama, har motar da ke tahowa ta juya. Ishaku ya fito ya harbe shi, ya sa ƙafa ya tura shi cikin rafi. Ko sunansa bai tambaya ba.

Malami na tashar Mafara a lokacin, yana sana'arsa ta ɗaurin kaya bisa manyan motoci. Shi ya tsamo uban daga ruwa, direban motar da ta juya ya siffanta masa wanda ya yi aikin. Bai yi kuka ba, mutane har suna yaba masa haƙuri. Haƙurin me! Wuta ce ya haɗiye, tana cinsa dare da rana.

Ta hannun Sadi ya shiga ƙungiyar. Sadi wani dogon saurayi ne mai yawan dariya, shi ke shigowa tasha yana shinshinar wa ya ɗauko kaya, wa ya sayar. Dukansu baƙi ne daga nesa, babu wanda ya san ɗan wa Malami yake. Ɗan Tasha kawai suke kiransa.

Amma fa kashe Ishaku ba shan fura ba ne. Mutum ne da bai yarda da inuwarsa ba. Bindigogi duk a wurinsa suke kwana, ba ya ba kowa sai an tare mota, ana gamawa ya karɓe. Ba ya cin abinci sai wani ya ɗanɗana. Ga layu da guraye tun daga damtse har ƙugu. Malami ya gani da idonsa an sare shi da adda ta lanƙwashe, ko dai ƙarfen banza ne ko asirin ne, oho.

"Ƙarfe ba ya cina!" haka yake kirari yana dukan ƙirji. "Uwar da za ta haifi mai kashe ni ba ta yi wankan jego ba!"

Malami ya yi ta juya maganar nan. Ƙarfe ba ya cinka, to igiya fa? Shi abin da ya iya ke nan a duniya. Sai dai ta yaya mutum irin Ishaku zai miƙe da kansa a ɗaure shi?

Wata rana aka wuce da gawa ta bakin tasha, ya ga motoci sun tsaya cak, direbobi na fitowa suna rige-rigen kama makara. Nan dabara ta faɗo masa. Ya kai wa Ishaku.

"Oga, direbobin nan sun waye. Gungume a hanya, su juya. Kayan soja, su juya. Amma ba a haihi direban da za shi ratsa gawa ba."

Ishaku ya yi dariya har da hawaye. "Kai, Ɗan Tasha, shege ne kai! To wa zai zama gawar?"

"Wanda ƙarahuna ke hannunai, Oga. Mu dai hannu sake za a gan mu."

Ishaku ya shiga lissafi. Ba zai ba wani bindigogi ba, ko ubansa ne. Ya ce shi zai kwanta. Amma sai da ya sa aka bar masa wutsiyar igiya guda a ciki, a tafin hannunsa, wadda in ya ja shi ma zai warware. Kuma kafin kowace fita sai ya gwada zargen, ya sake gwadawa. Malami ya ci gaba da ɗaura zarge mai kyau, yana jira. Ana cikin jiran nan aka kashe dattijo mai neman lada.

A ofishin 'yan sanda na Mafara, Sufeto Umar ya rasa inda zai sa kansa. Mutum ne mai tumbi da gajeren haƙuri. Ya tara direbobin Gajeruwa yana zuba musu faɗa.

"Na ce kada ku ƙara tsayawa! In kun ga makara ku taka wuta!"

Wani tsohon direba mai suna Tijjani, aminin marigayi Hamidu, ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, in ta gaskiya ce hwa? Gawar musulmi ta gitta in busa mata hon? Da wane ido zan dubi Allah?"

"Da idon da za ka dubi bindiga!" Sufeto ya buga tebur. "Duk inda muka yi kwanto, su ɓulla wani wuri. Mutanen nan aljanu ne?"

 Direbobi suka fita suna gunaguni, wasu na cewa su kam daga yau ko liman ne a makara ba su tsayawa.

Damina ta sauka. Rafuka suka cika, shinkafa ta yi kore shar. Ishaku ya aiki Malami leƙen hanya, shi kuwa ya ratse Tungar Aduwa wajen mahaifiyarsa, Taibatu. Ita a saninta yana Sakkwato yana ɗaurin kaya. Ya same ta tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta rame, tari ya kama ta. Ya durƙusa suka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Sakkwato ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su.

"Ka ji abin da anka yi ma hanyar ubanka?" ta ce daga baya. "Wai yanzu da makara ake hwashi. Sunka kashe wani bawan Allah na Morai, ya sauko kama gawa. Jikokinai tara, an ce."

"Na ji, Inna."

"Ni ba mai harbin ya hi ba ni tsoro ba. Wanda ya zauna ya ƙago abin nan, shi na ka tunani. Ko wace uwa ta haihe shi, ta yi asarar naƙuda."

 Ya so ya faɗa mata komai, ya ce Inna saboda Baba ne.  Amma sai ya ajiye ludayin furar da ta dama masa ya ce rana na yi, zai koma.

Da ya fito, ya tsaya bisa kwalbati. Ruwa ja wur yana tafasa a ƙasa, ya kusa taɓa baki. Sheburin uban na nan a kafe cikin tulin marmara, ciyawa ta fito kewaye da shi, ba wanda ya taɓa cire shi. Malami ya dube shi ya dubi ruwan. Lokaci ya yi.

Daga nan tasha ya nufa, ya ja Tijjani bayan wata rumfar faci.

"Baba Tijjani, ka saurare ni, kada ka yi ihu. Ina cikin masu makara."

Tijjani ya ja baya kamar ya taka maciji. "Kai? Ɗan Hamidu?"

"Wanda ke kwance cikinta shi ya kashe Baba. Ran Talata, bayan la'asar, Kwanar Hamidu. Ka ɗauko 'yan sanda cikin motarka da kayan gida. Bindigogi duk suna cikin makara, mu huɗu hannu sake muke. Ni ka ɗaurin, kuma ran nan ba za shi kwance ba. Abu guda na roƙa: akwai wani dogo, Sadi, kada a harbe shi."

"Kai kuma hwa?"

"Ni na riga na mutu tun ranar da na tsamo Baba."

Tijjani ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa. "Allah wadan wagga zuciya taka, Malami. Tai, na ji."

Maganar ruwa kuwa Malami bai yi masa ita ba.

A maɓoyarsu, ƙarƙashin wani falalen dutse a dajin da ke bayan Faru, ana yayyafi da rana, suka zauna shawara. Ishaku na kishingiɗe yana yankar gasasshen nama da wuƙa.

"Ran Talata dillalan shinkafa za su taso daga kasuwa da nauyi," in ji Malami. "Kwanar Hamidu za mu tare su. Ga makabarta nan a gefe, kowa ya ga gawa ba ya zargi. Ga kwana, dole mota ta lafa."

"Direbobin sun fara gudu fa," in ji Khalifa, wani siriri mai ido kamar na shaho. "Wancan makon saura kaɗan wani ya bi ta kanmu."

"Don sun gane ta gwangwala. Mutanen Tungar Aduwa makarar ƙarhe gare su, tana jingine bayan masallaci. In sun ga ita, sun san gawar gari ce."

"Ƙarfe da nauyi, baaba," Sadi ya yi dariya. "Ga Oga kullum ƙara ƙiba yake. Gawa mai cin tsire!"

Aka kwashe da dariya, har Ishaku. Ya nuna Malami da tsinin wuƙa. "Yaron nan kansa na ja. In na yi ritaya kai zan bar wa harka. Wane ne ma Hamidun da aka sa wa kwanar sunansa?"

"Wani tsoho ne, Oga. Mai cike ramuka."

"Allah sarki," in ji Ishaku, ya jefa tsoka a baki.

Talata ta zo da hadari. Gajere ya sato makara tun mutane na gona. Cikin dawar da ke bakin kwana suka shimfiɗa likkafani. Ishaku ya miƙe, aka jera masa bindigogi a gefe da gefe, tasa bisa ƙirji, bakinta na kallon ƙafafu kamar kullum. Malami ya dubi bakin bindigar, ya dubi Sadi, wanda wurinsa ke baya, wajen ƙafafun. 

"Sadi, yau dawo gaba kusa da ni. Khalifa ya koma baya."

"Kai, bar shi yadda aka saba!" Ishaku ya daka tsawa daga cikin likkafani. "Ba a canza sahu ranar aiki."

"Ka ji gawa ta yi magana," in ji Sadi, ya kashe masa ido. "In mun tashi yau, ni zan saya maka shayi da ƙwai."

Malami yana iya fasawa a nan. Ya san zai iya. Bai fasa ba.

Ya naɗe tabarma, ya ɗauko sabuwar igiya. Ba zarge ya yi ba. Ɗaurin babbar mota ya yi, irin wanda ake yi wa buhunan shinkafa za su Legas, wanda in kaya sun motsa ƙara matsewa yake. Ya zagaya ƙirji, ya zagaya ƙugu, ya zagaya gwiwa, kowanne ya ɗaure da ƙarfen makara. Sannan ya yanki guntuwar igiya wadda ba ta haɗe da komai ba, ya cusa ta tafin hannun Ishaku.

"Ga wutsiyarka, Oga."

"Yau ka matse da yawa."

"Ƙarhe na da santsi. Kada ka zame bisa kwalbati."

 In Oga ya gwada wutsiyar nan, shi ke nan. Amma Ishaku ya daɗe da daina gwadawa.

"Mota!" in ji Gajere.

Suka ɗauka. La'ilaha illallahu. Suka hau kwalta, suka taka bisa kwalbati, ruwa na ruri a ƙarƙashinsu. Bas ɗin Tijjani ta sha kwana, ta lafa, ta tsaya. Ƙofa ta buɗe. Maza suka fara saukowa da manyan riguna, suna salati, suna tahowa karɓar makara. Ɗaya, biyu... sun yi yawa. Kuma babu mace ko ɗaya a motar.

Khalifa ya kai ido ƙasa. Ƙarƙashin rigunan nan, baƙaƙen takalman gwamnati.

"Tarko ne! Oga, tarko — Ɗan Tasha, ja igiya!"

Malami bai motsa ba.

Makara ta girgiza. Ishaku ya fizgi wutsiyarsa — ta biyo hannunsa salin-alin. Ya yunƙura — igiya ta ƙara cije shi.

"Ɗan Tasha! Kwance ni, don ubanka!"

"Don ubana ɗin ne, Oga."

"Kowa ya tsaya! 'Yan sanda ne!" Sufeto Umar ya yaye riga, bindiga ta bayyana.

Khalifa da Gajere suka saki makara suka arce — ba su yi nisa ba aka murƙushe su cikin taɓo. Makara ta karkace, Malami a gaba, Sadi a baya shi kaɗai, ya rungume ƙafafun makara biyu yana ƙoƙarin kada Oga ya faɗi. Wawa! Ko a nan bai gane ba.

"Sadi, saki! Kauce!"

Ta-ta-ta-ta-tau!

Tabarma ta yage ta wajen ƙafafu, hayaƙi ya turnuƙe. Sadi ya yi baya, hannuwa a buɗe, ya faɗi rigingine bisa kwalta. 'Yan sanda suka zube ƙasa suna neman mafaka. Ishaku na ta harbi a makance yana zagi, har bindiga ta yi ƙas-ƙas.

Malami ya ja makara da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ƙarfe na kuka bisa siminti, har bakin kwalbati. Ya sunkuya daidai kunnen tabarma.

"Ka tuna tsoho mai shebur, wanda ka tura nan da ƙahwa? Sunanai Hamidu. Ni ne ɗanai."

 Sannan wata murya ta fito, ƙarama, ba irin ta mai kirari ba. "Malam... tsaya... duk abin da na tara naka ne..."

"Ka ce ƙarhe ba ya cinka. Gaishe min da ruwa."

"Kai! Kada ka — da rai nake sonsa!" Sufeto ya taso a guje.

Ina! Malami ya sa ƙafa.

Tsundum!

Ruwa ya buɗe ya rufe. Kumfa ta taso, ta ƙara tasowa, ta daina.

Ya zaci zai ji sanyi a ransa. Tun ranar da ya tsamo uban yake jiran wannan sanyi. Bai ji komai ba sai ƙarar ruwa. Ya rarrafa wajen Sadi, ya tallafi kansa. Sadi na kallonsa, jini na fita ta gefen baki.

"Baaba... igiyar ce ta ƙi?"

"Ita ce, Sadi."

"Kai... ba ka taɓa kuskure ba..." Bai ƙarasa ba.

A nan Malami ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba. Yana yi aka sa masa ankwa.

Sai da mutanen gari suka shiga da gora da igiyoyi aka jawo makara daga bakin wata gonar shinkafa. Ɗauri na nan yadda yake, sai da aka sa wuƙa. Ishaku ido a buɗe, layu sun jiƙe sharkaf, guntuwar igiya damƙe a hannunsa. Dattawan Tungar Aduwa suka ce ko da kuɗi ba za a rufe shi a makabartarsu ba. Aka jefa shi bayan motar 'yan sanda, aka kwantar da Sadi a gefensa.

Ana shirin tura Malami ciki sai taro ya dare. Taibatu ce, tana dogara sanda. Ta dubi makara, ta dubi ankwa, ta dubi ɗanta.

"Inna, na rama ma Baba. Shi ne wanga."

"Wa ya ƙago abin makara?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nike, Malami."

"Ni ne, Inna. Babu wata hanya da..."

"Ubanka ya kwanta gaban katahila don matattu su huta," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka maishe su tarko. Jikokin mutumin Morai, su wa za su ɗaure?"

Ta juya. Bai ƙara ganin fuskarta ba.

Alƙali ya duba cewa shi ya kai labari, ya kuma duba dattijon Morai da sauran waɗanda aka tare. Ya ba shi shekarun da in ya fito, sai da furfura. Khalifa da Gajere ko wannan ba su samu ba.

Damina biyu bayan haka aka kira shi ɗakin ganawa a gidan yarin Gusau. Tijjani ne, ya ƙara tsufa, yana murza hula a gwiwa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, wadda Malami ya gane ta jan lokaci ce.

"Sai haƙuri, Malami. Taibatu ta cika ran Jumma'a. Tarin nan ne."

Malami ya yi salati, ya dafe bango. Sannan ya ce, "An samu jama'a? Kusa da Baba anka sa ta?"

"Kusa da shi."

"Jama'a hwa, Baba Tijjani?"

Tijjani ya kau da kai. "Ka san gari na wannan hannu, makabarta na wancan. Samari duk sun tai ci-rani, mu tsohi munka ɗauko ta. Munka iso bakin kwalta daidai tashin masallaci, motoci na ta wucewa."

"Sunka tsaya."

"Ta hwarko da ta hango mu, sai ta ƙara wuta. Ta biyu ta juya a guje, har tana son kihewa. Wata mata a ciki tana ihu, ɓarayi, ɓarayi. Liman ya ɗaga hannu yana roƙo, wani mai tifa ya watsa muna ruwan rami har bisa tabarma. Muna nan tsaye da ita a kahwaɗa, hannuwa na rawa, sai da hanya ta yi shiru munka tsallaka da gudu-gudu kamar mun sato ta."



"Direbobin nan duk ta san su," in ji Tijjani. "Da yawa sun sha hurarta zamanin ubanka. Ba laihinsu ba ne. Yanzu a Gajeruwa ba a tsayawa gawa."

Gandiroba ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi. Tijjani ya miƙe, ya sa hula, ya fita. Malami na nan zaune yana kallon tafin hannuwansa, inda igiya ta bar masa kanta.